Gurasar da Doniyor Ya Gatsa

Ƙusar tana nan a bango, gurasar ce babu.

Zebo ta tsaya da tsintsiya a hannu. Tun bara gurasar nan take rataye a ɗakin Kaka. Ranar da yayanta Doniyor zai tafi aikin soja, Kaka ta miƙa masa ita da zafinta, ya gatsa sau ɗaya, aka zura mata zare aka rataye can sama kusa da rufi. Haka kowa yake yi a unguwarsu a garin Margilan, ragowar tana jiran mai ita ya dawo ya ƙarasa abincinsa. Kullum bayan asuba sai Kaka ta ɗaga kai ta duba ta kafin ta sha shayi. Ga shi zuciyar Kaka ba ta da ƙwari. In ta shigo ta ga ƙusa tsirara, za ta ce wani abu ya sami Doniyor.

Abin da ya taimaka, Kaka ta fita tun da safe, wai za ta je a auna mata jini. Har da rigarta ta karammiski ta sa, mai warin akwati.

Zebo ba ta faɗa wa Umma ba. Umma tana ƙarƙashin rumfar inabi tana ta yanka karas tuli guda, tana 'yar waƙarta. Zebo ta lallaɓa ta bayanta, ta ƙwanƙwasa katangar maƙwabta. Nan da nan kan ƙawarta Nigina ya leƙo. Su biyun nan su ne 'yan sandan cikin layinsu, su suka kama akuyar da take cinye wa mutane shanya.

Nigina ta shiga ɗakin ta durƙusa, ta bi darduma da yatsa. Ko ɓurɓushi babu.

"Ba ɓera ba ne. Ɓera ba ya share wuri in ya gama," ta ce.

Ba kuma mage ba, don zaren ma an tafi da shi, ƙusar ko lanƙwashewa ba ta yi ba. Ba a jawo kujera ba. Karen gidan bai yi haushi ba tun safe. A bakin ƙofa suka yi tuntuɓe da doguwar sandar da ake kakkaɓo 'ya'yan itace da ita, Zebo ta mayar da ita lambu don kar Umma ta yi faɗa.

"Ɓarawon dogo ne," in ji Nigina. "Kuma yana da tarbiyya."

"Ke ni ki bar zancen tarbiyya. Kaka ta kusa dawowa."

Suka zagaya layin kaf suna auna tsayin mutane da ido. Mai gyaran keke dogo ne, amma bakinsa ba haƙori, me zai yi da gurasar da ta koma dutse? Da rana ta fara zafi Nigina ta ce a ajiye maganar ɓarawo, a ceci Kaka tukuna.

Suka ruga gidan mai gasa gurasa, suka zaɓo mai zanen fure a tsakiya irin waccan. Suka roƙi matar ta bar musu ita a bakin tanderu har ta bushe ta yi duhu. Sai maganar gatsa. Zebo ta gwada, gurbin ya fito ɗan mitsitsi kamar na jinjiri.

"Yaya Doniyor bakinsa kamar ƙofar gareji. Kawo nan," in ji Nigina.

Ta gatsa, bai yi ba. Ta gyara gefe, ta ƙara gyarawa. Kafin Zebo ta ƙwace, kusan rabi ya tafi.

"Nigina, shi sau ɗaya ya gatsa fa."

"To ai yunwa yake ji ranar."

Suna shiga gida ƙamshin shinkafa da naman rago ya tare su, babbar tukunyar biki a kan wuta, alhali ba biki ba suna. Ba su tsaya ba. Nigina ta duƙa, Zebo ta hau bayanta, ta maƙala zaren a ƙusa. Tana dirowa suka ji mota ta tsaya a waje, kare yana ta tsalle yana wani irin kuka.

Kaka ta shigo a hankali, ta rungume wani ƙulli a ƙirji. Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon bangon. Zebo ta damƙe hannun Nigina, tana addu'a Allah Ya sa idon tsohuwar bai kai can ba.

"Wannan kuma wa zai tafi soja?" Kaka ta tambaya. "Ke ko ƙawar taki mai kumatu?"

Nigina ta yi sauri ta goge ɓurɓushin da ke bakinta.

"Na ƙi faɗa muku yau zai dawo ne don bakinku ba ya riƙe ruwa, ni kuwa ba na shelar matafiyi sai ƙafarsa ta taka gida," in ji Kaka.

Sai ta kwance ƙullin, ta zaro tsohuwar gurasar da zarenta, wadda ta sauko da ita da doguwar sandar nan da safe, ta miƙa ta baya ga Doniyor, dogon soja mai askakken kai da ya duƙa a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi.