Fatan Alheri a Bakin Jirgi

Masunta suna kwance igiyar jirgin da mijina ya shiga na ɗaga murya: "Maigida, Allah ya ba da sa'a. A kamo babba!"

Kowa a bakin ruwa ya juyo ya dube ni. A garinmu da ke tsibirin Sisili kowa ya san ba a yi wa mai fita kamun kifi fatan alheri, don ranar ko ɗan tsurut ba zai taɓa ƙugiya ba. Ga shi Janairu ne, ruwa bai gama hucewa ba, manyan kifaye sun taso, kuma ranar gasa ce.

Mai jirgin ya taɓa ƙarfe don korar tsiya, ya ce, "Sauka, abokina. Matarka ta gama da kai."

Mijina ya sauko da sandar fatsarsa yana zazzaga mini masifa a gaban kowa. "Kin tsufa, amma hankali shiru."

Muna shan kwana ya waiga. Can nesa raƙuman ruwa na wurgi da jirgin. Ya dafe cikinsa, cikin da bai taɓa jure tekun hunturu ba, kuma ni kaɗai na sani. Ya sumbaci hannuna.

"Saura ƙiris ki makara, uwargida. Har na fara jin amai."