Gurbin Tanimu

Tun da aka fara ajiye tunanin mamata a na'ura, kowane gida a Tudun Wada yana da ma'ajiyarsa a zaure. Ta gidan marigayi Malam Sambo matsalarta ɗaya: da an ambaci sunan babban ɗansa, Tanimu, sai ta ɗauke ɗif.

Tanimun ne mai gyaran irinsu a unguwar. Ranar jajiberin Sallah ya buɗe manhajar da ke karanto ma'ajiyar, ƙanensa Sagir yana tsaye a kansa.

"Yaya, ka hanzarta. Gobe dangi za su zo gaishe da Baba."

Bai daɗe ba ya gano matsalar. Manhajar tana bin kowane suna zuwa gurbinsa. Gurbin Sagir cike yake da labarai. Na Tanimu wayam, shi ya sa da ta leƙa take faɗuwa.

Gyaran layi ɗaya ne: in gurbi ba komai, a wuce. Amma gobe, a gaban dangi, uban zai ji sunansa ya yi shiru. Sai Tanimu ya karkatar da sunansa zuwa gurbin Sagir, ya kunna.

"Baba, Tanimu ne."

"Ɗan albarka," in ji muryar uban. "Kai da na goya har asibiti ranar da ka faɗo daga bishiyar mangwaro."

Sagir ya shafa tabon goshinsa. "Yaya, ai ni ne na faɗo."

"Ta dai daina ɗaukewa," in ji Tanimu, ya mayar da murfin ma'ajiyar.