Reshen da Bai Taɓa Kuka Ba

Oga ya daki tebur har cokalin shayinsa ya yi tsalle. Rassa bakwai gare shi na sayar da kayan gyaran mota, kuma ya gaji da jin "kwamfuta ta tsaya".

Mutum biyu ke ja-in-ja a gabansa. Mai Kwat, ƙwararren da aka ɗauko haya, ya ce a tattara manhajar cinikin a babban ofis, kowane reshe ya riƙa aiki da ita ta intanet. Injiniya, wanda ya girka wa kowane reshe tasa, ya ce in aka yi haka, ranar da uwa ta yi atishawa 'ya'ya duk sun kwanta mura. Abin da bai faɗa ba shi ne, in aka tattara, abincinsa ya ƙare.

"Ina hujjarka?" in ji Oga, yana duban Injiniya.

"Reshe na bakwai, ranka ya daɗe. Shekara biyu, ko sau ɗaya ba su kira ni ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Sauran rassan kullum kuka: wannan ya manta kalmar sirri, wancan ya shayar da madannai lemo. Na bakwai kuwa shiru. Saboda nisa da muguwar hanya, a ofis Injiniya ya saita tasu kwamfutar, ya aika da direba.

Oga ya ce gani ya kori ji, kuma wanda ya sha kaye ya kama gabansa.

Awa huɗu suna shan gargada a hanyar reshe na bakwai. Suka tarar da shago maƙil, ciniki na gudu, ba layi, ba hayaniya. Fuskar Mai Kwat ta yi kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Manajan reshen, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya ba Oga kujera, Mai Kwat benci, Injiniya kuma wani ɗan mazauni lulluɓe da tsohon labule. Injiniya ya harɗe ƙafa ya yi lacca ta minti ashirin a kan 'yancin rassa.

"Baba, kunna musu kwamfutar su ga aiki."

Dattijon ya sosa ƙeya, ya dubi Oga, ya dubi ƙasa.

"To ɗana, sai dai ka ɗan ɗaga. Tun ranar da direba ya kawo ta ba mu buɗe kwalin ba, ga ka nan zaune a kanta."