Katin Ruwan Tungar Maje

Tun da aka daina ƙidayar gida-gida, na'ura ce ke faɗin yawan mutanen kowane gari, kuma da lissafinta ake raba katin ruwa.

Gwaggo Kyauta, ungozomar Tungar Maje, ta iso ofishin gunduma da hantsi, zuwanta na huɗu ke nan. Ta zauna a benci tana murza gwiwa.

"Sadau, haihuwa tara na karɓa bana, ko ɗaya bai samu kati ba."

Ma'aikacin bai ɗago ba. "Gwaggo, na gaya miki. Bara ku ɗari huɗu da ashirin ne, bana ɗari huɗu cif. Kati ashirin ma za a janye."

"Mutum uku muka binne. Ina na'urar ta kai sauran?"

"Ai ba ƙirga ku take yi ba. Adadin shekara biyu ake ba ta, ta raba tsakaninsu daidai. Ta farko ita ce shekarar ƙidayar ƙarshe."

"Ta biyun fa?"

"Saura shekara ashirin ta zo. Daga sama aka aiko da adadinta."

Gwaggo ta lissafa da yatsu, ta sake lissafawa: ragin ashirin duk shekara har shekara ashirin, ɗari huɗu ke nan cif, ba saura ko mutum ɗaya. Sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Bari in koma, ɗan nan. Na baro mai naƙuda."