Asibitin Bayan Shago

Katin asibiti, ragowar burodi, da buhun da babu komai a ciki. Su ne a kan cinyar tela a motar komawa gida. Buhun don maƙwabta ne, su ɗauka sarin zare yake zuwa, alhali maganin da ya raba shi da kodin yake karɓowa a babban gari, inda ba wanda ya san shi.

Yau kuwa nas ta mayar masa da katinsa. "An buɗe reshe a unguwarku, baba. Can za ka riƙa karɓa."

Reshen yana bayan shagonsa. In ya shiga, unguwa ta gani. In bai shiga ba, kafin jibi jiki zai fara rawa, kuma bai manta inda ake sayar da kwalbar ba.

Ya sauka, ya ja hula har gira, ya shiga.

A kan benci ga mai aski, ga bakanike, ga ƙanin matarsa.

"Yaya!" in ji ƙanin matar. "Ba zare ka tafi saye ba?"

"Kai ba ta'aziyya ka ce za ka ba?" in ji tela.

"Kowace Talata sai an yi masa rasuwa," in ji mai aski. "Dangin sun kusa ƙarewa."

Dariya ta ɓarke, har da tela.

Da layi ya zo kansa, ya shiga wurin likita, ya rufe ƙofa.

"Sa sunana," ya ce. "Nan zan riƙa zuwa."