Mabuɗi Mai Jan Tsumma

Shekarar da fari ya cinye geronmu, Baba ya je wurin boka, ya binne laya a gona. Ikilisiya ta ji, aka sa shi horo, aka mai da wurin zamansa tabarmar bakin ƙofar majami'a. Sai ya daina zuwa.

Wata Asabar da la'asar, dattijon ikilisiyarmu, Baba Ishaya, ya shigo gidanmu a Guci. Bai yi wa'azi ba. Mabuɗin majami'a ya ajiye gaban mahaifina, ɗaure da jan tsumma.

"Audu, daga yau shara taka ce."

Baba ya ƙi taɓawa. "Yaya Ishaya, tarko ne? So kuke wani abu ya ɓata ku ce ni ne?"

"Me zai ɓata? Ƙurar?" Tsohon ya tashi. "Wanda ya faɗa rami ba a ciki yake kwana ba."

Baba ya daɗe yana juya mabuɗin da tsinke kamar kunama. Can ya ce mini, "Ɗauko tsintsiya."

Yanzu na girma, yau shekarata biyu ban taka majami'a ba, giya ta kayar da ni. Masu zuwa gaishe ni ban yarda da su ba. Hannunsu nake kallo, ko zan ga jan tsumma. Har yanzu baki kawai suke kawowa.