Tsuntsun da Ya Ƙi Tsayawa Nesa

"Shiii! Kar ki motsa!" Maigida ya ce wa matarsa, yana tsugune a bayan gidansu, ya lulluɓe kansa da ganye.

Kwana tara ke nan da ya sayo kyamara mai dogon madubi kamar bututun ruwa, mai jawo nesa kusa. Duk abin da ya ɗauka: reshe, reshe, sai rabin wutsiya. Ita kuwa ta rantse, in aka rufe gasar hoton tsuntsaye yau bai kama ko ɗaya ba, kanti kyamarar nan za ta koma.

"Maigida, ai ga..."

"Ki yi shiru! Me kika sani a harkar tsuntsaye?"

Ta ciro wayarta a hankali, ta saita shi. Ya ci gaba da leƙen bishiyar ƙarshen layi. Ya ji madubin ya ƙara nauyi, ya ce gajiya ce.

Bayan mako aka fitar da sakamako. Hoton da ya zo na ɗaya: shuɗin tsuntsu zaune daram a kan dogon madubi, bayansa wani mutum cikin ganye yana ta leƙen nesa.

Matar ta ajiye wayarta. "To, Maigida, me kake son sani a harkar tsuntsaye?"